Injin da Ba Ya Son Hagu

Sawun taya na fara gani da mai babur ya sauke ni a ƙofar gidan Kawu. Amalanke ya fita da safe ya bar layi biyu a kan rairayi, suna tafiya tare har gindin darbejiya, inda hanya ta karya hagu ta nufi gonaki. A nan sawun dama ya nutse kamar da garma aka ja shi, na hagu kuma ya ɓace. Na ajiye jakata na taka wurin. Taku uku ban ga komai a hagun ba sai sawun kofaton shanu, sannan layin ya sake fitowa. Ina tsaye ina kallo har mai babur ya tambaye ni ko wani abu ne ya faɗi mini.

Hutu ne na tsakiyar bazara, ina aji biyu a babbar sakandare. Mahaifiyata ta turo ni daga Bagudo in taya matar ƙanenta aiki, don ana girbin shinkafar rani, ita kuma tana da goyo. Ƙauyen yana dab da iyakar Benin. Burodin da ake karyawa da shi dogo ne irin na can, waya ma in aka hau tudu layin can take kamawa. Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar Kawu, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Matarsa kuma Inna nake kiran ta.

Bayan na sha ruwa mun gaisa, na daɗe ina juya tambayar a raina kafin in yi ta. Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa, sai in riƙe ta har wata ta faɗa.

"Inna, amalanken Kawu tsalle yake yi?"

Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe. "Har kin gani? Injin ga ne da yas sawo. Shina ɗaga ƙafa. Ni dai na ce a maida musu abinsu, ya ce mi mace ta sani ga ƙarfe."

Injin bugun shinkafa ne, Kawu ya sayo shi na hannu a wani gari na tsallaken iyaka. An ɗaure shi da notuna a kan amalanke, bijimai biyu suna jan sa daga gona zuwa gona. Bakaniken da ya sayar masa ya ƙara masa wani ƙaton wili na baƙin ƙarfe a gefen dama, fulawil suke ce masa, wai don kada injin ya shaƙe in an cusa masa shinkafa mai danshi. Faɗinsa ya kai murfin tukunyar biki. Saboda nauyinsa, amalanken ko a tsaye yake ya ɗan rinjaya dama, kamar wanda ya saɓa buhu a kafaɗa ɗaya.

Injin yana da hali. Da sassafe murɗa ɗaya ake yi masa ya kama, kuma tun a gida Kawu yake tayar da shi, don in ya ƙi, akwatin kayan gyara yana kusa. Amma in ya yi zafi aka kashe shi, ba ya sake tashi sai ya huce sarai. A ranar bazara kuwa hucewar tana cin daga azahar har la'asar. Shi ya sa ba sa kashe shi. In an gama tarin wani, sai a zare bel ɗin da ke haɗa wilin da mabugin shinkafar, a ɗora wa shanu karkiya, a nufi gonar gaba injin yana ta bugawa, wilin yana juyawa ba ya jan komai.

Aikina shi ne kai wa Kawu da masu aikinsa fura da ruwa da hantsi. Kwana na biyu na tarar da su za su tashi daga wata gona. Mai shanun wani Bafillace ne maƙwabcin Kawu, dogo, ya manyanta, kullum da asuwaki a baki. Shi ke gaba da igiya da sanda. Kawu kuwa ya naɗe hannun riga, ya ɗora tawul a kafaɗar hagu, ya zagaya dama ya jingina kafaɗar da katakon amalanken. Tsakanin kunnensa da wilin bai fi taƙi ɗaya ba. Wilin yana gudun da ba a ganin juyawarsa, sai ƙyallin bakinsa da wata 'yar iska da ke kaɗa gashin tawul ɗin.

A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau suka tafi. Da suka zo inda za a karya hagu, mai shanun ya ja igiya, sai na ga amalanken ya kwanta dama a hankali, kamar wani ya sa hannu ya danna shi. Tayar dama ta baje, ta hagu ta bar ƙasa tana juyawa ita kaɗai. Kawu ya dage, jijiyoyin wuyansa suka fito, har kwanar ta ƙare tayar ta dawo ƙasa.

"Fullo!" in ji Kawu yana haki. "Shanunka ba su san hagu ba?"

"Shanuna sun san hagu tun kana goye, Kaɗo. Ƙarfenka ne ke son gida. Duba inda ya kwanta. Ba yamma ba? Can aka haife shi."

Masu aikin suka yi dariya. Amma na lura ba kowa ne yake ɗaukar maganar wasa ba. A ƙauyen an yarda cewa injin yana neman komawa Benin. Wata tsohuwa ta ce bakaniken ya bar wani abu a cikinsa don ya dawo masa. An ɗaura laya a katakon gaba, Kawu yana yi mata dariya amma bai cire ta ba. An taɓa ɗaura dutse a gefen hagu, sai tayoyin suka riƙa nutsewa a rairayi shanu suka ƙi ja, aka kwance shi.

Daga ranar na riƙa jinkirta komawa gida don in bi bayansu da ƙwaryar da babu komai. Kwana na uku suna dawowa da yamma injin yana bugawa, fuskarsu arewa, suka karya hagu a bakin rijiya. Amalanken ya kwanta gabas, ya juya wa Benin baya. Na fahimci ba yamma yake nema ba, dama yake nema, kuma sai an karya hagu. In dama aka karya, sai ya miƙe tsaf kamar an sauke masa kaya.

Kwana na huɗu mai ya ƙare musu a gona, aka jawo injin a mace. Kawu ya jingina kafaɗa kamar kullum. Aka zo bakin rijiya aka karya hagu, amalanken ya wuce da tayoyinsa biyu a ƙasa. Kawu ya share gumi ya ce yau shanun Fullo sun yi hankali. Ni kuwa wilin nake kallo, yana tsaye cak, ana ganin tsatsa da wani rubutu na Faransanci a jikinsa. A nan na tuna malamarmu ta Fiziks.

A zangon da ya wuce ta shigo aji da ƙafar keke mai mariƙi a kowane gefe. Ta ce duk abu mai nauyi da ke juyawa da gudu ba ya son a sauya masa fuska, kuma in an tilasta shi ba ya turjewa ta inda ake zato, ta gefe yake bijirewa. Ta rubuta sunan abin a allo, jairoskof, ta ce da shi jiragen sama suke sanin sama da ƙasa a cikin gajimare. Ta kira shugabar aji ta riƙe, ta juya mata ƙafar da ƙarfi, ta ce ta waiwaya da jikinta duka. Yarinyar ta yi ƙara ta ce ana murɗe mata hannu. Malama ta ce in an ƙara gudun ƙafar, ko aka waiwaya da sauri, murɗewar tana ƙaruwa. 'Yan mata suka yi layi kowa tana son ta gwada. Ni ban tashi ba. Na zana hoton a littafi da kibiyoyi uku, na ci tambayar a jarrabawa, amma hannuna bai taɓa jin abin ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Na ce wa kaina ƙila ba haka ba ne, ƙafar keke daban, ƙarfen Kawu daban.

Kwana na shida Kawu ya zo da dabara. Ya ce injin yana samun sarari ne saboda ana karya kwana a hankali, yana ganin abin da ake shirin yi masa. Gara a karya da sauri kafin ya ankara. Ya kuma ƙara masa wuta don kada gargada ta kashe shi. Ƙarar ta tashi har ina jin ta a haƙorana.

Mai shanun ya daka wa bijiman tsawa ya fizgi igiya. Tayar hagu ta tashi har na hango karan gona ta ƙarƙashin amalanken. Ƙafafun Kawu suka zame a rairayi, ya durƙusa gwiwa ɗaya, katakon yana kansa. Bakin tawul ɗin ya taɓa wilin. Ban ga tafiyarsa ba. Na ji wani fyat, sai ga shi can a kan ƙaya ya zama tsumma. Masu aiki uku suka ruga suka rataya a gefen hagu, amalanken ya dawo da ƙara.

Kawu ya miƙe. Rigar ta yage a kafaɗa, fatar wurin ta saluɓe ta yi fari kafin jini ya fara tsattsafowa. Ya taɓa kunnensa ya duba yatsunsa. Can sai ya yi dariya ya ce injin ya ga tawul ɗin ya tsufa ne. Mai shanun bai yi dariya ba. Ya cire asuwakin daga baki ya jefar.

A wajensu mai inji shi ne na ƙarshe. Sai ya gama wa duk wanda ya yi wa alkawari, bi da bi, kafin ya taɓa tasa shinkafar, in ba haka ba a ce ya yi son kai. Saura rabin tarin wani dattijo a kan tudu, sai ta Kawu. Tasa kuwa tana can fadamar ƙasa, kusa da kogin Kwara, an yanke an tara. Kwana uku ke nan hadari yana haɗuwa a gabas bayan azahar yana watsewa. Ruwa ɗaya mai kyau zai rufe hanyar fadamar, tarin ya jiƙa ya tsiro.

Na san hanyar, na bi ta da na kai wa masu yanka abinci. Ganuwa ce ta ƙasa da aka tayar don tare ambaliya, faɗinta amalanke ɗaya da ɗan abin da ya rage. A tsakiyarta tana karya hagu, kwana mai kaifi. Ta dama akwai ramin da aka haƙi ƙasar, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, a gindinsa koren ruwa da taɓo. Wanda ya tsaya a dama da amalanke, dugadugansa a bakin ramin za su kasance.

Bayan la'asar Kawu yana zaune a tabarma, Inna tana shafa masa man kaɗanya a kafaɗa. Ya ce gobe za su gama na dattijon da hantsi, su gangara kafin azahar.

"Ku kashe shi kafin ku hau ganuwa," in ji Inna. Ba don ta san komai ba ta faɗa. Tsoron ƙarar take yi.

"In kashe shi, mu zauna muna kallon shi har la'asar, ruwa ya same mu? Yau ƙafata ce ta zame. Gobe zan sa takalmin roba. Kuma Fullo bai yi sauri yadda na ce ba."

"Kawu," na ce.

"Na'am, Uwata. Mi kike so? A yanka miki kaza?"

Duk abin da na sani da Turanci yake a kaina, da kibiyoyi da haruffa. Na nemi Hausarsa na rasa. In na ce malamarmu ta ce, zai yi dariya mai daɗi ya ce a gaishe ta. Yana kallona yana jira, ƙuda yana zagaya ciwon.

"Sannu da jiki," na ce.

Washegari suna fita na zagaya bayan rumbu, inda tsohon keken Kawu yake rataye. Na ɗauko sifana a akwatinsa. Notunan ƙafar gaba sun yi tsatsa, sai da na ɗiga musu man gyaɗa na jira. Sandar tsakiyar gajera ce, ba ta riƙuwa, na samo guntayen bututun ƙarfe biyu na cusa da tsumma a kowane gefe. Tayar ba iska, na ɗura mata jiƙaƙƙen rairayi ta zagaye don ta yi nauyi. Inna ta fito da goyo ta same ni hannu duk baƙin mai.

"Ke kuma fa? Faci kike koyo?"

"Inna, don Allah juya mini wannan. Da ƙarfi, ta gaba, yadda na injin yake yi."

Ta yi tsaki amma ta juya. Na miƙe hannuwana na riƙe, ƙafar tana huci a gaban fuskata. Na waiwaya hagu a hankali. Hannuna na hagu ya tashi, na dama ya yi ƙasa, ba ni na sa su ba. Na dawo, na sake waiwayawa da sauri. Ƙafar ta murɗe ni har bututun ya kuɓuce, ta faɗi ta yi birgima ta bugi turmi. Na tsaya ina kallon wuyan hannuna. Ban ji daɗin cewa na yi daidai ba. Ƙafar keke ce wannan, ɗan rairayi ne a cikinta.

"Ba ni nan," in ji Inna. Ta gyara ɗaurin goyo ta karɓa. Na juya mata, na ce ta waiwaya hagu. Ta waiwaya, ta yi salati ta saki.

"Wa ke murɗa ni?"

"Ba kowa. Juyawar ce. In ta tsaya ba ta yi."

Na tsayar da ƙafar na sake ba ta. Ta waiwaya hagu, ta waiwaya dama, ba abin da ya faru. Ta dubi ƙafar keken.

"To na ƙarfen fa, da ya kai nauyin ɗan maraƙi?" Ta ce, "Kuma shi sauri ya ce a ƙara." Ta miƙo mini ƙafar. "Kai mishi."

"Ke ki kai, Inna."

"Ni ya ji tawa? Shekara nawa ina magana. Ke ce uwarsa. Tashi, rana na yi."

Na ɗora ƙwaryar fura a ka, na riƙe ƙafar keken a hannu. Rairayin ciki yana da nauyi, ina sauya hannu. Tun daga nesa nake jin bugun injin. Gabas ta yi baƙi tun ba a yi azahar ba, iska tana zuwa da sanyi kaɗan da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, mata masu sheƙa suna ta sauri suna rufe buhuna. A hanya na yi ta maimaita abin da zan ce: a kashe shi a bakin ganuwa, a jira wilin ya tsaya cak, a wuce kwanar, ko da za a yi zaman jiran hucewa a fadama. Duk lokacin da na kai ƙarshe sai in ji dariyar Kawu.

Na iso sun zare bel. An ɗora wa bijiman karkiya. Kawu ya sa takalmin roba, ya ninke buhu ya ɗora a kan ciwon kafaɗarsa. Maza sun fi goma a wurin, da dattijon mai gona. Wani ya hango ni ya ce wa Kawu, "Kai, uwarka ta sayi keke, saura sauran!" Aka yi dariya. Na sauke ƙwaryar. Kawu ya ɗaga mini hannu, ya ce in ajiye musu furar sai sun isa fadama, ya miƙa ɗaya hannun wajen ƙara wuta.

Na je na tsaya a gaban shanun. Numfashinsu mai ɗumi yana bugun hannuna. Mai shanun ya dube ni, ya dubi abin da nake riƙe, ya sassauta igiyar. Kawu ya zagayo yana duban sama.

"Uwata, lafiya? Kauce, hadari shina tahowa."

Ƙarar injin ta fi muryata, sai da na matsa har ina jin warin man kaɗanyar da ke kafaɗarsa. Na miƙa masa ƙafar keken, bututu ɗaya a kowane hannu.

"Kawu, don girman Allah, kafin ku tashi ka riƙe mini wannan da hannu biyu. Zan juya ta. In ta ɗauki gudu, ka waiwaya hagu, sau ɗaya kawai."